Ƙullin da Ke Bakin Marufi

A kan tsinin sanda aka shigo da shi.

Zinariya na durƙushe a bakin rijiya tana ɗauraye kwanuka bayan azahar, sai ta ji sallamar da ba a jira amsarta ba. Da ta ɗaga kai ta ga Hajiya Uwani, matar Alhaji Mailafiya na Mandawari, tsaye a tsakar gidansu na Kabara, 'yarta Hasana na biye da ita. Hajiyar na riƙe da sandar gora, a tsininta kuwa wani farin ƙyalle mai aikin zare kore da ruwan goro yana reto, an nisanta shi da jiki kamar mushe.

Ko daga nesa Zinariya ba za ta kasa gane shi ba. Ita ta ɗinka shi da hannunta.

"Ina tsohuwar gidan?" in ji Hajiya Uwani.

'Yardada, kakar Zinariya wadda ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarta, ta fito daga ɗaki da carbi a hannu.

"Tsohuwar gidan takan amsa sallama idan an bari ta amsa. Wa alaikumus salam, Hajiya. Zinariya, kawo tabarma."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ina Malam Maharazu?"

"Ya tafi ta'aziyya ƙauye, sai gobe in Allah ya yarda."

"To ke ki ji, ki faɗa masa. Ga abin da 'yarsa ta aiko mana."

Hajiya ta juya sandar har bakin ƙyallen ya fuskanci tsohuwar. A cikin kalmasar akwai wani ɗan ƙulli mai tauri, bai fi ƙwallon dabino biyu ba, an ɗinke shi ta ko'ina.

Asalin maganar kuwa shi ne, a ƙarshen shekarar da ta gabaci mulkin kai, Alhaji Mailafiya ya je birnin Badun a Kudu fataucin goro, ya ga wani akwati mai fuskar gilashi da ake kira talabijin, mutane na motsi a cikinsa. An gaya masa hoton ba ya isowa Kano, ya ce zai iso wata rana, ya saya. Tun daga nan yakan kunna shi a shigifarsa idan ya yi baƙi, su zauna suna kallon farin haske mai yayyafi kamar ana sheƙar gero, suna tasbihi ga Wanda ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba. Mai kula da akwatin shi ne Ilu, ɗan ƙanin Alhaji, maraya da ya tashi a hannunsa, ya kuma koyi gyaran rediyo. Ilu ne ke neman auren Zinariya, har manya sun shiga maganar. Wata rana a wajen zance ya yi ƙorafin cewa jikin akwatin ƙarfe ne mai santsi, duk zanen da aka rufa masa sai ya zame. Zinariya ta riƙe maganar a ranta. Ta zauna ta ɗinka marufi, ta aika wa gidan surukanta kyauta.

Shi ne yau aka dawo da shi a kan sanda.

"Tun ranar da aka ɗora wannan abu," in ji Hajiya Uwani, "hasken akwatin ya karkace. Kusurwar sama ta yi baƙi-baƙi kamar an ɗiga mata baba na rini. Hasana ce Allah ya ba basira, ta ɗage shi, haske ya miƙe. Ta mayar, duhun ya dawo. A gaban Alhaji, a gaban baƙinsa. Da na shafa bakin ƙyallen sai na ji wannan ƙulli. Ke yarinya, wane boka ne ya ba ki? Gidan kike son mallakewa ko yaron?"

Zinariya ta san abin da ke cikin ƙullin, amma yadda zai taɓa hasken gilashi, wannan ba ta sani ba. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai wata tambaya ta riga amsar fitowa.

"Shi... yana wurin?"

"Ilu? Yana nan zaune a gefen Baffansa."

"Me ya ce?"

Hasana ce ta amsa, tana gyara gyale, muryarta a sanyaye kamar mai tausayi.

"Me kuwa Yaya Ilu zai ce? Sunkuyar da kai ya yi. Har aka watse bai ɗago ba."

Zinariya ta rufe bakinta.

"Ana tambayarki," in ji Hajiya.

"Ba ni da abin faɗa, Hajiya."

"Kin ji ko, Iya? To Alhaji ya ce a dakatar da maganar aure har sai ya gana da Malam. Ni kuwa na ce a binne ta. Yaron yana da 'yar uwa a gida, wadda muka san ciki da wajenta."

'Yardada ta miƙa hannu. "Kawo nan in farke shi, kowa ya huta."

Hajiya ta ja da baya da sauri. "A farke asiri a sake shi ya bi mutane? Wuta ce maganinsa."

Ta juya da sandarta, 'yarta na biye.

Tsohuwa ta daɗe tana duban jikarta. "Ke ja'ira, mene ne a ciki?"

"Iya, na rantse da Wanda raina ke hannunsa, ban taɓa taka ƙofar boka ba."

"Wannan na sani, ni na yaye ki. Mene ne a ciki na ce."

"A tambayi wanda ya sunkuyar da kai."

Ta shige ɗaki. Ba ta yi kuka ba, fushi ya ƙone hawayen tun ba su taru ba. Ba zargin Hajiya ne ke cin ta ba, don kowa ya san Hajiya ta daɗe tana yi wa Hasana tanadin Ilu. Abin da ke tafasa mata zuciya shi ne hoton mutum guda a zaune, ana jifan ta da shirka, shi kuwa yana kallon tabarma.

Washegari Malam Maharazu ya dawo da azahar, ya ci abinci, ya shiga soron ciki inda littattafansa suke. Bayan la'asar aka yi sallama a zaure. 'Yardada ta leƙa ta dawo.

"Ga angon nawa can, ya rame kamar wanda ya yi jinya. Tashi ki je."

"Ba inda za ni."

"Za ki je, ko don ki zage shi. Ina nan bakin ƙofa, ba na ji ba na gani."

Zinariya ta yafa mayafi ta fita. Ilu na tsaye jikin bango, hularsa a karkace, idanunsa sun yi ja. Ba ta zauna ba, ba ta kuma gaishe shi ba.

"Zinariyata..."

"Kada ka ƙara. Ba ni da mai ni a wannan gari sai Allah, sai mahaifina."

"Ki saurare ni, sanyin idona. Tun jiya ban sa komai a bakina ba."

"Ashe bakin yana nan. Na zaci an ɗinke shi tare da ƙullin."

Ya runtse ido. "A gaban Baffa ne, Zinariya. Mutumin da ya ɗauke ni tun ina rarrafe. Ko sunanki ban taɓa ambata a gabansa ba. Ta yaya zan buɗe baki cikin baƙinsa in kare yarinyar da nake nema? A ce Ilu ya fitsare?"

"Sai aka ce Zinariya ta yi shirka. Wannan ya fi sauƙi ko?"

"Ban yarda da su ba, wallahi."

"A cikinka. Rashin yardar da ke cikinka wa ta wanke? Ni ma ina da kunya, Malam Ilu, a gidan malamai na tashi. Amma an karantar da ni cewa kunya alheri take kawowa. Wadda za ta sa a ci naman mutum kana kallo, ka nemo mata wani suna."

Ya ce a hankali, "Kaina ne ya ɗaure. Abu ɗaya na sani yana yi wa gilashin nan haka, shi ne maganaɗisu, ƙarfen nan mai jan ƙarfe. Na zaci lasifikar rediyon Baffa ce ta yi kusa, na matsar. Na ɗauke fanka, na duba wayoyin lantarki. Duhun bai gusa ba. To ina maganaɗisu a jikin ƙyalle?"

Zinariya ta tsaya cak.

"Me ka ce yana yi masa haka?"

"Maganaɗisu."

Tsoron da ta kwana da shi ya sauka. Amma da ta dubi fuskarsa ta ga har yanzu bai gane ba, sai wani sabon fushi ya taso, wanda ya fi na jiya zafi.

"Bara, a nan zauren, allurata ta faɗi cikin ƙasa muka yi ta nema. Washegari wani mutum ya zo da ɗan baƙin ƙarfe da ya ciro daga matacciyar lasifika. Ya ce in riƙe, daga yau abina ba zai ƙara ɓata ba. Ka san shi?"

Bakin Ilu ya buɗe.

"Shi ne farkon abin da ka taɓa ba ni. A ƙarƙashin matashina yake kwana. Da ka ce zane na zamewa daga akwatin, na rasa abin da zai riƙe marufin ya manne, sai na ɗinke shi a ciki. Na ce ya tafi gidanku ya jira ni."

"Inna lillahi... Zinariya, wallahi na..."

"Ka manta."

"Na manta."

"To ka ji asirin. Bokan kuma kai ne."

Aka yi gyaran murya daga soron ciki. Malam Maharazu ya fito yana gyara rawani, fuskarsa ba walwala. Ilu ya zube ƙasa, Zinariya ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Bangon nan ba shi da kauri," in ji Malam. "Ilu, abin da ka faɗa game da ƙarfen nan, za ka iya nuna shi ido ya gani?"

"Zan iya, Allah ya gafarta Malam."

"Za ka iya faɗarsa da bakinka a gaban Baffanka?"

Ilu ya saci kallon Zinariya, ta kawar da kai.

"Zan iya."

"To mu je. An jefi gidana da abin da ya fi kisa muni a wurina, ba zan kai magariba da shi ba. Iya, ki taho da ita."

Tun daga bakin lungun su Alhaji suka ji ƙaurin ƙonannen zare. Ilu ya dubi hayaƙin da ke tashi daga cikin gida, ya zubar da takalmansa ya ruga. Malam ya tsaya a shigifa wurin maigidan, Zinariya da kakarta suka bi bayan Ilu.

A tsakiyar gidan an tara kara an cinna wuta. Hajiya Uwani na tsaye da sandarta tana tura marufin cikin harshen wutar, Hasana na riƙe da kwalbar kananzir. Zinariya ta ga furannin da ta ɓata idonta a kansu suna naɗewa suna baƙi.

"Hajiya, Baffa ya ce a jira Malam!" in ji Ilu.

"Ni ba zan sake kwana da shi a gidana ba. Matsa, Ilu."

Bai matsa ba. Ya durƙusa, ya tura hannunsa na dama cikin wutar, ya damƙo bakin ƙyallen da ke ci. Mata suka sa salati. Ya murje tokar a tafinsa, sai ga ɗan baƙin ƙarfe, yana juya shi daga hannu zuwa hannu saboda zafi, amma bai yar ba.

Zinariya ta ji ƙafarta ta yi gaba da kanta. Ta tsayar da ita.

Alhaji Mailafiya ya aiko a kira kowa. Maza na zaune a shigifa, mata suka tsaya daga bakin ƙofa. Akwatin na bisa teburinsa a tsirara. Ilu ya tsoma ƙarfen a buta ya huce, sannan ya tsaya a gaban Baffansa. Kansa ya fara sunkuyawa bisa sabo. Zinariya na kallo ta gefen mayafi, zuciyarta na cewa, in ya sake yi, ko an wanke ni na gama da shi.

Sai ya ɗago.

"Baffa, ka gafarce ni, yau zan yi abin da ban taɓa yi ba. Zinariya 'yar Malam Maharazu ba ta yi asiri ba. Wannan ƙarfe ni na ba ta shi da hannuna, don ina son ta. Jiya ya kamata in tsaya mata, ko ban san abin da ke cikin ƙullin ba, domin na san wace ce ita. Na yi shiru, shirun nan zalunci ne."

Wani tsoho cikin abokan Alhaji ya kama haɓa.

Ilu ya kunna akwatin. Ya yi gunji kaɗan, haske ya cika gilashin fari tas.

"Hasken nan daga ƙeyar akwatin ake harbo shi, siriri kamar zare, yana zuwa yana komowa a kan gilashin. Abin da ke tuƙa shi a ciki maganaɗisu ne da aka auna. In wani ya zo daga waje, sai ya janye zaren daga hanyarsa."

Ya kai ƙarfen kusurwar sama. Hasken ya lanƙwashe, kusurwar ta yi duhu kamar an ɗiga baba. Ya janye, ya miƙe. Ya miƙa wa Alhaji. Alhaji ya yi bismillah ya gwada da kansa, ya kai, ya janye, ya sake kaiwa ɗaya gefen, duhun na bin hannunsa.

'Yardada ta zare allura daga bakin zanenta ta jefa a tabarma. "Alhaji, sunkuyo da shi nan."

Allurar ta yi tsalle ta manne.

"Tsarki ya tabbata ga Wanda ya sa wa ƙarfe wannan ɗabi'a," in ji Malam Maharazu. Sannan ya juya ga maigidan, muryarsa ba ta tashi ba amma kowa ya ji nauyinta. "Alhaji, da wutar nan ta cinye shaida, da 'yata ta shiga kabari da sunan mai bin bokaye. Ba a tambaya ba, ba a bincika ba, aka ratsa unguwa biyu da mutuncinta a kan sanda."

Alhaji ya dubi ƙofa. "Uwani, na ce a jira. Me ya sa kika yi gaggawar ƙonawa?"

Sai Hasana ta fashe da kuka.

"Ni dai na gaya mata tun jiya fil ɗin gyalena ya manne a ƙullin... ta ce in yi shiru."

Fuskar Alhaji ta canza. Ya juya ga matarsa.

"Sandar nan da kika ɗauka," ya ce, "gobe za ki bi hanyar da kika bi da ita, gida-gida, duk inda kika tsaya kika faɗa, ki tsaya ki warware. Malam, ni na fara neman gafararka. In ba ka janye ba, ina roƙon a sa rana."

"Ni an wanke ni," in ji Malam. "Amma ba ni aka yi wa shiru ba. Sai abin da yarinya ta ce."

Duk ido ya koma ƙofa. Zinariya ta juya ta fita zuwa zaure.

Can Ilu ya same ta, 'Yardada na biye da shi da ɗan kaskon man shanu. Tsohuwa ta dangwara kaskon a hannun jikarta, ta koma bakin ƙofa ta ba su baya.

"Hasken raina..."

"Marufina ya ƙone."

"Na gani."

"Ban huce ba."

"Ban ce ki huce ba. Ki dai bar ni in tsaya kusa har ki huce."

Ta dubi hannunsa. Tafin ya tashi, yatsu sun yi bororo. Ta tura masa kaskon da ƙarfi.

"Shafa. Wa ya ce ka sa hannu a wuta? Ba ga sanda nan ba?"

"Na ga abin da sanda ta ɗauko jiya, ban so in taɓa ta ba."

Ta cije leɓe don kada murmushi ya kunyata ta.

"Abu ɗaya nake so, Malam Ilu. Ba zane ba, ba awarwaro ba. Duk ranar da aka ambace ni da sharri kana wurin, ko a gaban wa, ka ɗaga kai."

"Na yi alkawari, Allah ne shaida."

"To ba ni abina."

Ya sa hannun hagu a aljihu ya ciro ɗan baƙin ƙarfen, allurar Iya na manne da shi har yanzu. Ta karɓa ta ƙulle a bakin mayafinta, ta ja ƙullin da haƙori.

"Iya," ta ce ba tare da ta juya ba, "ki gaya wa Baba ban janye ba."

An ɗaura auren bayan ƙaramar salla. Akwatin Alhaji ya samu sabon marufi, wannan karon da igiyoyi ake ɗaure shi ta baya, kuma Hajiya Uwani ce aka sa ta ɗinka. Tabon wuta bai bar tafin Ilu ba har tsufansa. Idan suka saɓa, kamar yadda ma'aurata kan saɓa, Zinariya takan kamo hannun ta buɗe, ta daɗe tana duban tabon, sannan ta ci gaba da faɗan da murya ƙasa-ƙasa.